Guntayen Kurmi da Tsuntsayen da ke Cikinsu

A Hausa, kurmi shi ne daji mai duhuwa, inda itatuwa suka haɗa kai har rana ba ta cika kaiwa ƙasa ba. Idan noma ya ci irin wannan daji, ba safai yakan gama da shi ƙaf ba. Yakan bar guntaye nan da can, gonaki sun kewaye su tamkar tsibirai a tsakiyar ruwa. Abin tambaya shi ne, ko tsuntsayen babban kurmi za su iya ci gaba da zama a guntunsa?

An jarraba wannan a dajin Amazon, kusa da birnin Manaus na ƙasar Barazil, tun daga 1979, bisa jagorancin Thomas Lovejoy. Yayin da masu kiwon shanu ke share daji, sai aka sa suka bar guntaye masu faɗin hekta 1 da 10 da 100. Da farko tsuntsaye suka yi cincirindo a cikinsu, domin waɗanda aka rusa wa mazauni nan suka fake. Ba a daɗe ba adadinsu ya faɗi, musamman a ƙananan guntayen. Cikin waɗanda suka fara ɓacewa akwai masu bin ayarin kwarkwasa suna cin ƙwarin da ta tayar, saboda ita kwarkwasar tana bukatar yalwar daji, su kuma ba su yarda su ƙetare fili ba. Da aka bar wasu makiyayun suka zama saura, itatuwa suka sake tofowa, sai wasunsu suka komo.

Abin lura a nan shi ne, ƙidayar ire-iren tsuntsaye kaɗai tana iya yaudarar mai nazari. Kwatankwacin haka a ƙasar Hausa, idan aka sare kurmi, kurciya da marai da balbela, waɗanda suka saba da gona, sukan cike gurbin 'yan duhuwa, jimla ta kusan daidaita alhali mazauna sun sake.

Duk da haka guntu ba abin rainawa ba ne. Dajin Amurum da ke kusa da Jos bai fi hekta 300 ba, gonaki sun kewaye shi, amma an ƙidaya ire-iren tsuntsaye kimanin 300 a cikinsa, har da wani ɗan ƙaramin jan tsuntsun duwatsu wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a rubuce.