Raddi cikin ladabi: ɗan haya na da bakin magana a kan kuɗin ruwa

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanen Gure har ta zama kamar doka. Ana cewa ɗan hayan da ba shi da mitar ruwa ta kansa, duk abin da mai gida ya yanka masa a ƙarshen wata shi zai biya, bakinsa alaikum. In ya nemi a nuna masa takardar kamfani, sai a ce ya cika ƙwaƙƙwafi, ko ba shi da kunya, ko rowa ta yi masa yawa har yana lissafin ruwa. Masu gidaje na faɗin haka, ƴan hayar ma da yawa sun yarda, suna biya a fili suna guna-guni a ɗaka.

Ina neman afuwar iyayenmu da yayyenmu masu wannan ra'ayi, domin zan saɓa musu. Na san ba mugunta ce ta haifi maganar ba. Gure gari ne da ya san darajar ruwa. Yana kusan kilomita 170 gabas da Damagaram a kan hanyar Difa, a gindin duwatsun Muniyo, tsakanin dutsen da ba ya riƙe ruwa da yawa da tudun rairayin da ke matsowa. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa ya taso ya ga ana tarbar baƙo da ƙwaryar ruwa kafin a tambaye shi daga ina ya fito. Dole ya ji nauyin a yi ta sa-in-sa a kan ruwa. Wannan kunya abin yabo ce, amma an ɗora ta a inda ba wurinta ba, kuma tana jawo ainihin abin da ake gudu.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ruwa kyautar Allah ne, ba a ƙididdige shi. Gaskiya ne shayar da mai ƙishirwa sadaka ce babba, kuma wanda ya hana maƙwabci ko matafiyi kurɓin ruwa ya yi abin kunya. Sai dai a gidan haya ba sadaka ake yi ba. Da mai gida ya ce wa ɗan haya ya sha ya yi wanka don Allah, da ba wanda zai nemi takarda. Tunda kuwa ana miƙa hannu a karɓi kuɗi kowane wata, an shiga babin ciniki, shi kuma ciniki yana da ƙa'idojinsa. Malamanmu na Malikiyya, masu karantar da Risala da Muhtasar a zaurukan garin nan, sun sha bayyana mana cewa ciniki da haya ba sa inganta sai an san abin da ake saye da abin da za a biya. Hadisin da ya hana cinikin garari, wato cinikin da ke ɗauke da duhu da ruɗu, yana cikin Sahihu Muslim. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma akwai sura guda da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye ma'auni. Addinin da ya ba awo da rubutu wannan matsayi ba zai kira mai neman a yi lissafi marowaci ba. A kasuwar Gure, mai sayen hatsi yakan tsaya ya ga an cika tiya a gabansa, mai hatsin kuma ba ya cewa an zarge shi da sata. Haka ya kamata a ɗauki tambayar ɗan haya.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a ido. Ana cewa tunda ɗakin ɗan haya ba mita, ba shi da shaidar da zai riƙe, to gardamar me zai yi? Amsa ita ce rashin mita a ɗaki ba ya nufin ruwan gidan ba a auna shi ba. Tun gyaran da aka yi a 2001, lokacin da aka raba tsohon kamfanin ruwa na ƙasa gida biyu, SPEN mai riƙe da kadarori da SEEN mai rarraba ruwa, wanda a lokacin kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, har zuwa farkon 2024 da NDE ta karɓi aikin rarrabawar, tsarin bai sauya ba: famfon da aka jawo wa gida yana da mita a bakinsa, ana karanta ta, a fitar da takarda. A jikin takardar akwai lambar da mita ta nuna a karatun baya, da wadda ta nuna yanzu, da yawan kubik ɗin da aka sha tsakaninsu, da kuɗin. Kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 mai lita 25. Saboda haka jimillar ruwan gidan sananniya ce. Abin da ba a sani ba shi ne kason kowane ɗaki, shi kuma wannan mutanen gidan ne za su zauna su tsara shi. Wanda zai biya wani kaso na jimilla yana da haƙƙin ya ga jimillar.

A nan akwai wani abu da mafi yawan masu gidaje da ƴan haya ba su lura da shi ba, kuma saninsa yana wanke masu gidaje da yawa daga zargi. Kuɗin ruwa a Nijar hawa-hawa ne. A jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi zamanin SEEN, kubik 10 na farko a wata sefa 127 ne kowane ɗaya, daga na 11 zuwa na 40 sefa 321, abin da ya haura 40 kuma sefa 515. An yi haka don a sauƙaƙa wa talaka mai shan kaɗan, a kuma sa mai yawan amfani ya biya da tsada. Amma mita ba ta san iyali nawa ne a bayan ƙofa ba. Mu ɗauki gida mai iyali biyar, kowane ya sha kubik 10 a wata. Da kowa na da mitarsa, kowa zai biya sefa 1,270, jimilla 6,350. Da yake mita ɗaya ce, sai ta karanta kubik 50: goman farko 1,270, talatin ɗin da suka biyo baya 9,630, goman ƙarshe 5,150, jimilla 16,050, ban da haraji da sauran ƙananan kuɗaɗen da ake haɗawa. Kowane iyali ya tashi da sefa 3,210, fiye da ninki biyu na abin da zai biya shi kaɗai, alhali ba wanda ya cuci wani. Ɗan hayan da aka ce ya kawo jika uku, ya tuna a gidan da ya baro jika ɗaya da ƴan kai yake biya, zai kwana yana zargin mai gida a zuci. Da an shimfiɗa takardar a gabansa, da zargin ya mutu nan take. Ɓoye takarda ba ya kare mutuncin mai gida na kirki. Nuna ta ne ke kare shi.

Haka kuma takardar ce ke tona yoyo. Bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa ko famfon da ba ya rufuwa sosai, in yana cika kwalbar lita ɗaya cikin minti goma, a kwana ɗaya ya zubar da lita 144, a wata ya haura kubik 4. A gidan da ya riga ya shiga hawa na uku, bisa wancan jadawalin wannan ya wuce jika biyu da ake biya don ruwan da rairayi ya shanye. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe dukkan famfunan gidan, a tsaya a dubi mita. In tana juyawa, akwai yoyo. A gidan da ba a tambaya, ba a duba mita, kuma a garin da mata ke tashi da asuba a bazara suna jiran famfo ya kawo, barin ruwa yana tsiyaya a banza alhaki ne a kan kowa.

Hujja ta uku ita ce gida nasa ne, wanda bai gamsu ba ya nemi wani. Ba mai musun cewa gida na mai gida ne. Yana da ikon ya sa kuɗin haya yadda ya ga dama, ɗan haya ya karɓa ko ya wuce. Yana ma iya cewa tun ranar shiga, kuɗin ruwa jika biyu ne kowane wata, ko an sha da yawa ko kaɗan. In ɗan haya ya amince, magana ta ƙare, domin adadin sananne ne, kuma wannan ita ce hanya mafi dacewa a gidan da ruwansa na rijiya ne ko na famfon burtsatse na mai gida. Abin da ikon mallaka bai ba shi ba shi ne ya ce kuɗin yana bin abin da kamfani ya kawo, sannan ya hana a ga abin da kamfanin ya kawo. A wannan halin shi wakili ne mai tattara kuɗin jama'a ya kai wa kamfani, wakili kuma amana ce a hannunsa. Haka nan ba daidai ba ne sabon ɗan haya ya biya bashin da wanda ya tashi ya bari, ko a raba kuɗi daidai wa daida tsakanin malamin makaranta gwauro da ke wuni a aji da iyali mai mutum goma sha biyu, ko da mai kiwon ragunan layya, ko mai ƙulla ruwan sanyi da ƙanƙara na sayarwa, ko mai buga bulo a tsakar gida. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta amince kowane ɗan ƙasa na da haƙƙin samun ruwa, ta kuma nemi mai amfani da shi ya ba da nasa kason wajen ɗaukar nauyinsa. Kason kowa gwargwadon amfaninsa ne.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta dattawa, kuma ita na fi girmamawa: kuɗin bai taka kara ya karya ba, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma mu duba abin da ke faruwa a gidajen da maza suka yi shiru. Maganar ba ta mutuwa, komawa take bakin famfo. Matar wannan ɗaki ta fara ƙirga bokitin matar wancan, a hana yara wasa tare, a sa wa famfo kwaɗo, a yi habaici a ranar wanki. Ma'aikacin da aka turo Gure daga Maraɗi ko Tawa ya gama shekarunsa ya tafi yana ba da labarin an cuce shi, alhali wataƙila ba a cuce shi ba. Zama na rabin sa'a da takarda a tsakiya ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai haƙƙin tambaya yana tafiya da ladabinsa, kuma a nan ƴan haya ma suna da laifinsu. Wasu ba sa tambaya sai ranar da suka fusata, a gaban jama'a, da murya sama. Wasu kuma suna fakewa da gardama su ƙi biya gaba ɗaya, har a yanke wa gida ruwa, maƙwabtan da ba su ji ba ba su gani ba su koma sayen na ƴan garuwa da tsada. Wannan zalunci ne. Hanyar da ta dace ita ce a sami mai gida shi kaɗai, bayan gaisuwa a ce masa: “Baba Alhaji, ba don na zarge ka ba, ina so in takardar ruwa ta zo mu riƙa dubawa tare, don kowa ya san nasa, mu kuma gane in akwai yoyo.” In akwai saɓani a kan adadin wani wata, ɗan haya ya biya abin da ya saba biya, a ajiye ragowar har a warware. In ana ganin kuskuren daga karatun mita ne, sai a tafi ofishin kamfani tare da wanda sunansa ke kan takardar, domin da shi kamfani ya ƙulla yarjejeniya, a kuma tafi da lambar da mita ke nunawa a ranar.

Mafi alheri shi ne a tsara komai tun ranar karɓar makulli. A rubuta lambar mita ta wannan rana. A yarda da yadda za a raba, ko bisa yawan mutanen kowane ɗaki, tare da ƙari ga mai dabbobi ko mai sana'ar ruwa, ko a haɗa kuɗi a sa wa kowane sashe ƙaramar mita bayan babbar. A sami littafi ɗaya da ake rubuta wanda ya biya da ranar biya. Mai gidan da ke da hali, in ya nema wa kowane sashe famfonsa daga kamfani, ya mayar da ƴan hayarsa hawa na farko mai rahusa, ya kuma sauke wa kansa wahalar bin mutane bashi. In duk da haka magana ta gagara, akwai liman da dattawan unguwa, akwai kuma mai unguwa da fadar sarki, su da dokar ƙasa ta ba ikon sasanta irin wannan saɓani kafin a kai ga kotu. Ba kasafai maganar da aka fara da takarda a hannu ke kaiwa can ba.

Roƙona ga iyayenmu masu gidaje shi ne kada su jira a tambaye su. Ranar da takarda ta zo, a kira ƴan haya a karanta a gaban kowa, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Ƴan haya kuma su tambaya da ladabi, su biya a kan lokaci, su kula da famfon kamar nasu. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, ya kuma wadata Gure da ruwa mai albarka.