Mawaƙin Da Ya Ce Zai Bar Shahara Domin Masoyiya, Da Abin Da Matasan Birnin Gwari Ke Ji

 

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin mawaƙan soyayya na wannan zamani, na gida da na waje. Mawaƙi zai ce wa masoyiyarsa taron jama'a bai dame shi ba, tafi da kuɗi da suna duk ya yafe, ita kaɗai ta ishe shi. Irin waɗannan waƙoƙi ne ke tashi a wayoyin samari a teburin mai shayi, da cikin motocin da suka koma bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari tun bayan sulhun ƙarshen Nuwambar 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta shafe shekaru a rufe.

Ba hukuncin kiɗa ne ya tara mu a yau ba. Mai karatu ya san jumhurun malamai sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a wurin biki, Ibn Hazm na Andalus kuma ya saɓa musu. Abin da muke son dubawa shi ne maganar kanta, domin yaranmu sun haddace ta fiye da yadda suka haddace Ahalari.

Mu fara da yi mata adalci, akwai gaskiya a cikinta. Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin domin zargin son girma da riya. A can ya bayyana cewa mai neman dukiya kaya yake son mallaka, mai neman suna kuwa zukatan mutane yake son mallaka, su kuwa zukata ba sa zama wuri ɗaya. Wanda ya kafa jin daɗinsa a kan yabon jama'a kullum yana cikin gadi, yana tsoron ranar da wani zai fito ya sha gabansa. Shi kansa Gazalin ya bar kujerar koyarwa ta Nizamiyya a Bagadaza a 488, yana kan ganiyar ɗaukakarsa. Saboda haka in mawaƙi ya ce tafin dubban mutane bai kai masa zama da mutum ɗaya mai ƙaunarsa ba, bai yi ƙarya ba.

Ita ma soyayya addini bai ɗauke ta abin kunya ba. Bukhari ya kawo labarin Mugis, wanda yake bin Barira a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa bayan ta zaɓi rabuwa da shi. Annabi (SAW) bai tsawata masa ba, sai ma ya nema masa alfarma a wurinta. Da ta tabbatar shawara ce ba umarni ba, ta ce ba ta so, aka kuma bar ta da zaɓinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, waƙar barin shahara ita ma hajar shahara ce. Ana rera ta a situdiyo, a ɗora a YouTube da TikTok, a zauna ana ƙirga masu kallo. Mawaƙin da ya rantse zai bar dandali, gobe a dandalin za a same shi, kuɗin gayyatarsa ma ya ƙaru. A Kannywood kuwa kowa ya san wanda ke cika wannan alkawari a aikace: mace ce. Ita ce ake ɗaura wa aure ta ajiye fim, mijin ya ci gaba da sana'arsa. Mansura Isah ta bar fitowa a fim da ta auri Sani Danja a 2007, auren ya kai shekara 14 kafin ya ƙare a 2021. Ba mu kawo wannan domin ɗora wa kowa laifi ba, aure rai gare shi. Amma ya kamata 'yan matanmu su lura da wanda ke rera alkawarin da kuma wanda ke biyan kuɗinsa.

A Birnin Gwari kalmar suna tana da wata fassara mai nauyi. Dajin da ya taso daga Kamuku ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara ya fitar da nasa shahararrun. Yaron da bai san sunan limamin garinsu ba ya san Dogo Giɗe, ya san shi ne ya kashe Buharin Daji a 2018. A 2021 waƙar yabon Bello Turji ta karaɗe wayoyi, a lokacin da ake binne mutanen da yaransa suka kashe. Daga baya 'yan bindiga suka shiga TikTok suna baje kuɗin fansa a gaban kyamara. Saurayin da gonar ubansa ta gagara nomawa, ramin zinare kuma bai ba shi komai ba, yana kallon wannan duka. Zaɓin da ke gabansa ya fi na mawaƙi tsanani, domin shahararsa da jini ake sayen ta.

Kuma masu ɗauke da makamai sun gane darajar aure fiye da yadda muke zato. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta yi ta kokawa kan yadda 'yan Ansaru suka samu gindin zama a gabashin masarautar, suna wa'azi, suna raba kyauta, suna auren 'yan matan ƙauyuka. Wanda ya zama suruki ai ya zama ɗan gida, tona asirinsa sai ya yi wuya.

Barin shahara kaɗai ba ya wadatarwa, sai an tambayi inda mutum ya nufa. Cat Stevens na Ingila ya musulunta a 1977 ya koma Yusuf Islam, ya yi aure a 1979, ya jingine waƙar zamani kusan shekara 30, ya kafa makarantar Islamiyya a Landan a 1983. Fadl Shakir na Labanan, wanda Larabawa suka sani da waƙoƙin soyayya, shi ma ya bar waƙa da sunan tuba, amma sai ya faɗa tawagar Ahmad Al-Asir. Bayan artabun da aka yi da sojoji a Abra kusa da Saida a Yunin 2013, ya ɓuya a sansanin Ainul Hilwa fiye da shekara 12, sai a Oktoban 2025 ya miƙa kansa. Duk wanda ya saurari wa'azin Ansaru ya san irin wannan ƙofa a buɗe take a dajinmu.

To, saurayin da ya ji waƙar ya gaskata ta, ya ce shi gida yake so ba suna ba, me muka tanadar masa? A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Mu ne muka ɗora lefe akwati-akwati, da kayan na gani ina so, da kamu, da dina, har aure ya fi bindiga wuyar samu. Iyayen amarya su ma suna nishi da kayan ɗaki da gara. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta hannun Hisba ta aurar da mata 1,800 a lokaci guda, da sadaki da gado da ɗan jari. Birnin Gwari, mai cike da zawarawan da aka kashe wa mazaje da 'yan gudun hijirar da ke komawa kufai, ta fi buƙatar irin wannan. Kafin gwamnati ta waiwayo, limamai da masu unguwanni a ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II suna da ikon zama su ƙayyade lefe gunduma-gunduma, su kuma sa wani kaso na zakkar hatsin bana ya tafi ga matalautan samari masu niyyar aure, musamman a ƙauyukan da suka fara komawa gona.