Me Ya Sa Ganin Likita Ke Wuya? Abin Da Bincike Ya Gano Kan Ƙarancin Ma'aikatan Lafiya

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati ya san yadda abin yake. A fito tun bayan sallar asuba, a yanki kati, a zauna a benci har azahar, in an shiga kuma minti biyar an fito. Wani lokaci ma ba likita za a gani ba, nas ce ko malamin asibiti, sai mutum ya koma gida yana ganin kamar ba a duba shi ba.

Masana sun shafe shekaru suna bincike kan wannan matsala a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Abin da suka gano zai taimaka wa majinyaci da iyalansa su san wanda ya kamata su amince da shi, da kuma lokacin da ya wajaba a wuce gaba.

Ma'aikata nawa ake buƙata?

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto na musamman kan ma'aikatan lafiya. Ta ce mafi ƙarancin abin da ƙasa ke buƙata shi ne likitoci da nas-nas da ungozomomi 23, a haɗe, ga kowane mutum 10,000. Ƙasashe 57 ne ba su kai wannan adadi ba, 36 daga ciki suna Afirka kudu da hamadar Sahara. Rahoton ya nuna cewa Afirka na ɗauke da kashi 24 cikin 100 na nauyin cututtukan duniya, amma kashi 3 cikin 100 kacal na ma'aikatan lafiyar duniya take da su.

A 2016 hukumar ta ɗaga ma'aunin zuwa kimanin 45 ga mutum 10,000, saboda na farkon bai yi la'akari da cututtuka masu daɗewa irin su hawan jini da ciwon sukari ba. Idan aka ware likitoci su kaɗai, Najeriya na da kusan 4 ga mutum 10,000, Nijar ba ta kai 1 ba, Birtaniya kuwa tana da wajen 30.

Wannan lissafi yana da alaƙa da rai kai tsaye. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2004 ya kwatanta ƙasashe sama da 100, ya gano cewa inda ma'aikatan lafiya suka fi yawa, mutuwar mata wajen haihuwa da ta ƙananan yara ta fi raguwa, ko da an cire tasirin arzikin ƙasa da ilimin mata. Tasirin ya fi bayyana a kan masu haihuwa, domin zubar jini ko jijjiga ba sa jiran a nemo ma'aikaci daga wani gari.

Ina ma'aikatan suke tafiya?

Dalili na farko shi ne makarantun horarwa ba sa yaye adadin da ya isa. Na biyu, waɗanda aka yaye suna taruwa a manyan birane, inda akwai wuta da ruwa da makarantar yara, alhali yawancin jama'a a karkara suke. Na uku shi ne ƙaura zuwa ƙasashen waje.

A 2011 mujallar BMJ ta buga wani bincike kan ƙasashe tara na Afirka, ciki har da Najeriya. An ƙiyasta cewa asarar da suka yi a jarin da suka zuba wajen karantar da likitocin da suka koma aiki a Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya ta haura dala biliyan 2. Wato talaka ya yi noma, mai kuɗi ya girbe.

Don rage wannan, ƙasashen duniya sun amince da wata ƙa'ida a 2010 kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wasu ƙasashe. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 55 da bai kamata a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu ba, Najeriya da Nijar da Gana na ciki. Sai dai ƙa'idar ba ta tilas ba ce, kuma ba ta hana ma'aikaci neman aiki da kansa ba. Idan aka tambayi masu tafiya, ba albashi kaɗai suke ambata ba. Suna kukan rashin kayan aiki, yawan aikin dare, rashin tsaro da rashin damar ƙaro ilimi.

Wanda ba likita ba zai iya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar majinyaci, kuma an yi bincike sosai a kanta.

Bayan samun 'yancin kai a 1975, Mozambik ta wayi gari da likitoci ƙalilan. A 1984 ta fara horar da jami'an lafiya da ba likitoci ba su yi tiyata. Wani bincike na 1996 ya kwatanta tiyatar ciro jariri kimanin 2,000, rabi jami'an ne suka yi, rabi ƙwararrun likitocin mata. Ba a ga wani bambanci mai yawa ba, sai dai saman ɗinkin waɗanda jami'an suka yi wa aiki ya ɗan fi buɗewa saboda taruwar jini. Daga baya aka gano cewa shekara bakwai bayan kammala karatu, kusan 9 cikin 10 na jami'an suna nan a asibitocin karkara, likitocin da aka tura can kuwa kusan duk sun bar wurin.

A Afirka ta Kudu, wani gwaji da aka buga a 2012 ya nuna cewa nas-nas da aka horar za su iya kula da masu shan maganin cutar ƙanjamau ba tare da an ƙara musu haɗari ba. Habasha kuma ta fara wani shiri a 2003, ta horar da mata fiye da 30,000 na tsawon shekara ɗaya, ta ajiye biyu-biyu a ƙauyuka suna rigakafi da awon ciki da wayar da kai.

A Nijar, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Masu binciken sun danganta hakan da abubuwa da dama, ciki har da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, gidan sauro, da duba yara da masu ciki kyauta. Najeriya ma ta fitar da tsari a 2014 da ya ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar yin wasu ayyukan da a da sai likita ko ungozoma.

Amma akwai sharaɗi. A duk inda abin ya yi nasara, an horar da ma'aikacin kan aiki takamaimai, akwai mai duba aikinsa, akwai magani da kayan aiki, akwai kuma hanyar tura mara lafiya gaba. Wannan bai shafi mai shagon magani da ke yin allura da ƙarin ruwa a bayan kanta ba tare da horo ba.

Ɗan gari ya fi zama

Bincike daga ƙasashe da yawa ya nuna cewa ɗalibin da ya taso a karkara ya fi yiwuwar komawa karkara aiki. A kan haka aka gina wani shiri da ya fara a 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda aka riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka ana shirya su shiga makarantun nas da ungozoma. A wuraren da mace ba ta son namiji ya karɓi haihuwarta, samun ungozoma 'yar gari na iya zama dalilin da zai sa ta haihu a asibiti.

Abin da ya rage gare ku

Kada ku zauna a gida da mara lafiya don an ce asibitin kusa babu likita. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, awon ciki, rigakafi da gwajin hawan jini duk ayyuka ne da aka horar da ma'aikatan asibitin matakin farko su yi.

Haƙƙinku ne ku tambayi wanda ke duba ku matsayinsa, cikin ladabi. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Idan aka ce ku wuce babban asibiti, ku tafi a ranar. Tura mara lafiya gaba alama ce ta ma'aikacin da ya san iyakarsa. Zubar jini ga mai ciki, jijjiga, naƙudar da ta wuce awa 12, yaron da ya kasa shan nono ko yake numfashi da ƙyar, da shanyewar ɓarin jiki, duk ba sa jiran gobe.

Tunda lokacin ganin likita kaɗan ne, ku je da shiri. Ku riƙe katinku da sakamakon gwajin baya da kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Ku faɗi ranar da ciwon ya fara, kuma kafin ku tashi ku maimaita yadda aka ce a sha maganin.

In kuma akwai yarinya a gidanku mai sha'awar karatun nas ko ungozoma, ku tsaya mata. Wataƙila ita ce za ta karɓi haihuwar matan garinku nan da 'yan shekaru.