Alpha Jet: Jirgin Da Aka Ƙera Domin Ɗalibi

Tun ina yaro a unguwarmu ta Utako da ke Abuja nake fitowa kallon jiragen sojan sama idan suna shawagin bikin 1 ga Oktoba. Sai da na girma na fahimci cewa ɗaya daga cikin jiragen rundunar, wato Alpha Jet, asalinsa na koyon tuƙi ne.

Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ne suka haɗa gwiwa suka ƙera shi, ya fara tashi a shekarar 1973. Faransa jirgin horar da matuƙa take so, ita kuwa Jamus na kai farmaki, sai aka yi masa ƙirar da za ta biya buƙatun biyu. Nijeriya ta sayi guda 24 a shekarun 1980, ta kuma yi yaƙi da su a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, daga baya a kan Boko Haram.

Kujeru biyu gare shi, ɗalibi a gaba, malami a baya. An ɗaga ta malami domin ya riƙa hangen gaba ta saman kan ɗalibinsa, musamman wajen sauka. Kowannensu yana da abin tuƙi a gabansa, da zarar ɗalibi ya kauce, sai malami ya karɓa. Haka kuma injinsa biyu ne, idan ɗaya ya mutu, ɗayan zai kai su gida.

Dalilin wannan tanadi a fili yake. Ni da na koyi Hausa a bakin 'yan kasuwar Utako, in na yi kuskure dariya kawai ake yi mini a gyara. Shi kuwa ɗalibin matuƙi, kuskurensa ɗaya na iya cin rai.