Injin da ke Danƙare Tsakuwar Layin Dogo

Ƙarfen layin dogo yana zaune ne a kan gumaguman kankare ko na katako, su kuma gumaguman suna kwance cikin tsakuwar fasasshen dutse, wadda ke rarraba nauyin jirgi tana kuma barin ruwan sama ya tsiyaye. Yau da gobe, nauyin jiragen da ke wucewa yakan sa tsakuwar ta sulale, layin ya lotsa ko ya karkace, abin da ke tilasta rage gudu, kuma idan aka yi sakaci yakan kai ga kaucewar jirgi daga kan layi.

A da leburori ne ke gyara wannan da diga da shebur. Kamfanin Plasser & Theurer na ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 1953, ya yi fice wajen ƙera injin da ya karɓi aikin. Injin yakan fara auna tsayin layi da miƙewarsa, sannan ya kama ƙarfen ya ɗaga shi, ya tura shi dama ko hagu zuwa inda ya dace. Daga nan wasu haƙoran ƙarfe masu karkarwa kimanin sau 35 a daƙiƙa su nutse gefe biyu na gungume, su matse tsakuwar ta cike gurbin da ke ƙarƙashinsa. Illar wannan aiki, wadda ba a cika ambata ba, ita ce kowane zagaye yana farfasa wani ɓangare na tsakuwar, garin da ya fita kuma yana toshe hanyar ruwa.