Gidan kiɗa a kan teburin kwali

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta wuce, amma ɗakin zane na sashen koyon tsara gine-gine a wata jami'ar Arewa cike yake maƙil. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, sai fitilun waya da wata mai caji da aka rataya a jikin fanka. Ƙasa duk yankakken kwali, ga warin gam, ga kofin shayi yana zagayawa hannu zuwa hannu. 'Yan ajin ƙarshe ne, aikinsu na bana kuwa guda ne: kowa ya tsara wa birni sabon gidan kiɗa da waƙa mai cin mutum 2,000, ya kuma nuna adon da jama'a za su gani a jikinsa da farfajiyarsa.

A makon farko kusan kowa Hamburg ta Jamus ya leƙa a intanet. Can ne aka buɗe Elbphilharmonie a Janairun 2017, ginin gilashi da aka ɗora kan wani tsohon sito na koko da taba a bakin tashar jiragen ruwa, ya lashe kusan Yuro miliyan 866. Babban ɗakinsa na da kujeru 2,100, an lulluɓe bangonsa da alluna kimanin 10,000, kowanne da irin sassaƙarsa, don su watsa sauti ko'ina. Abin ya burge su, dole ya burge.

Malaminsu ya bi tebur-tebur yana dubawa, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Wa zai yi wasa a ciki?"

Nan aikin ya soma da gaske. Ɗakin da aka gina don kiɗan gogen Turawa yana riƙe amo kamar daƙiƙa biyu kafin ya mutu, a nan daɗinsa yake. To amma kalangu magana yake yi. Idan amon bugun farko bai mutu ba na biyu ya hau kansa, kirarin ya zama hayaniya, bakin mawaƙi da na 'yan amshi su cakuɗe. Sannan mu ba ma sauraron waƙa hannu a cinya. Sanƙira yana kai-komo, mai son liƙi sai ya taso ya isa gaban makaɗi. Wani ɗalibi ya ɓalle layin kujeru uku daga ƙirarsa ya buɗe hanya mai faɗi har dandamali, na ga hannunsa na rawa wajen yankan, don kwana huɗu ya yi yana manna su.

Ranar Laraba malamin ya gayyato wani dattijon magini daga cikin gari, wanda ya gaji aikin tubali da azara da makuba. Bai dubi takardun zane ba. Yatsa ya sa yana shafa ƙirar wata ɗaliba, ya lalubi ƙofa, ya ɗago kai.

"'Yata, ina zauren?"

"Baba, ai ga wurin sayen tikiti nan."

"A'a. Inda mutum zai tsaya ya gaisa, ya sha inuwa ko da ba shi da kuɗin shiga. Gida ba zaure?"

Ya ba su labarin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, ya ce su je su ga yadda zane ya fito daga jikin ginin kansa. Malamin ya ƙara da cewa bango mai tudu da kwari yana warwatsa sauti, aikin da allunan Hamburg ke yi ke nan.

Batun ado shi ya fi tayar da jijiyar wuya. Wasu na son a kafa mutum-mutumin Mamman Shata a farfajiya, wasu suka ce ba kowane gari zai karɓi wannan ba, kuma gaskiyarsu. Mafi yawa sai suka fake da dagin Arewa, suka manna shi a ƙofa da rufi da shinge. A ganina wannan gudun aiki ne. Dagi yana da kyau, amma ba shi kaɗai maginanmu da masu ɗinkin aska takwas da masu sassaƙar ƙwarya suka bar mana ba.

An kuma kawo misalin babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka kammala a 1976 don bikin FESTAC na 1977. Siffarsa aro ce daga wani gini a Varna ta Bulgeriya, amma ayyukan masu fasaha Erhabor Emokpae da Yusuf Grillo da ke jikinsa su suka mai da shi namu. A Faransa kuwa tun 1951 ake ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin wasu gine-ginen gwamnati don aikin masu fasaha. Wata ɗaliba ta sa wannan kason a lissafinta tun shafin farko, ta rubuta magina da marina a jerin waɗanda za a zauna da su kafin a haƙa harsashi.

A daren da aka ɗauke wutar nan, wajen ƙarfe ɗaya aka kawo ta, ɗakin ya ɗauki sowa. Ɗalibar da Baba ya yi wa tambaya ba ta ko ɗago ba. Ta riga ta cire bangon gilashin gaban ƙirarta, tana lanƙwasa siririn kwali tana gwada bakan gizo a kan zaure mai ƙofa biyu, ɗaya ta ciki, ɗaya tana kallon titi.