Ma'anar Kalmar "Ashraɗ" da Iyakar Aiki da Ita

Kalmar "ashraɗ" ta zo sau ɗaya a cikin Alƙur'ani mai girma, a aya ta 18 ta Suratu Muhammad, inda aka bayyana cewa alamomin tashin Alƙiyama sun riga sun fara zuwa. Ɗalibi Bahaushe yakan ruɗe da ita, domin tana yi masa kama da "sharaɗi" na harshensa. Malaman lugga sun rarrabe su: "sharɗ" mai sukuni, jam'insa "shuruɗ", shi ne abin da hukunci ya rataya a kansa, kamar tsarki ga salla. "Sharaɗ" mai fataha kuwa, jam'insa "ashraɗ", alama ce da ke gabatar abin da ke tafe. Hadisin Jibrilu ya ƙarfafa haka, domin ruwayar Abu Huraira ta zo da wannan lafazi, ruwayar Umar kuma ta zo da lafazin "amara", ma'anarsu ɗaya.

Manomin Kambaza a ƙasar Gwandu, idan ya ga shamuwa ta sauka, ya san damina ta ƙarato, sai ya gyara gona ya tanadi iri, amma ba ya iya faɗin ranar da ruwan shuka zai zuba. Haka ashraɗ suke: suna nuna kusanci, su wajabta shiri, ba su yanke lokaci. A cikin hadisin nan ma, Manzon Allah (SAW) ya faɗi alamomin, ya mayar da sanin lokacin ga Allah.

Magabatan jihadi sun tsaya a kan wannan iyaka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa Tanbihul Umma don faɗakarwa a kan kusantowar alamomin, ya kuma wallafa Tahzirul Ikhwan yana gargaɗi game da masu da'awar Mahadiyya, ya kore ta daga kansa duk da yawan masu jingina masa ita. Tawayen Satiru na 1906, wanda ya tashi da sunan Mahadiyya, ya ƙare da rushe garin da asarar rayuka masu yawa.

Saboda haka, mai wa'azin da ya ɗauko annoba ko yaƙi ko tsadar abinci ya ce wannan ita ce alama kaza, wajibi ne ya kawo nassi ingantacce da fahimtar malamai, kuma kada ya ƙayyade shekara. Amfanin alama shi ne tuba da gyaran aiki. Allah ne mafi sani.